Fad uku cikin shekara guda: nazarin matsalar birkin wata Corolla a Kano

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka, mai giyar otomatik. Mai ita malamin firamare ne, maƙwabcina. Da safe ita ke kai shi makaranta, bayan la'asar kuma ya fita da ita haya har bayan isha'i, saboda albashi ba ya kai ƙarshen wata. Wato motar a cikin gari take wuni, cikin cunkoson 'yan adaidaita sahu, inda da wuya a yi tafiyar mita ɗari ba a taka birki ba.

Cikin shekara guda sau uku yana canza fad ɗin birkin gaba, wato 'yan farantan da ke matsewa su tsayar da ƙafar mota in an taka birki. Na farko da na biyu mafi arha ya saya, kuma ban ga laifinsa ba, domin tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki darajar naira a watan Yunin da ya biyo baya, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo. A karo na uku ya gaji, ya ƙara kuɗi ya sayi wanda wani mai shago ya rantse masa cewa orijina ne. Shi ma bai cika wata huɗu ba motar ta fara gurnani duk lokacin da aka taka birki, tana kuma ɗan janyewa gefe guda. Daga nan ya yanke hukunci: babu sauran fad na kirki a kasuwa, duk jabu ne. Masu mota da yawa suna kan wannan fahimtar, kuma tana cinye musu kuɗin da suke ƙoƙarin tattalawa.

Abin da aka gani da aka cire ƙafa

Wani abokin aikinsa ne ya haɗa shi da wani dattijon bakanike a Kwakwaci, ni kuma na raka shi. Dattijon bai aiki yaro sayen komai ba. Ya karɓi makulli ya zaga da motar, da ya dawo sai ya kara bayan hannunsa kusa da ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya. Ta hagu da ɗumi-ɗumi, ta dama kuwa zafi rau, ga baƙar ƙura ta lulluɓe ta fiye da 'yar'uwarta. Aka ɗaga motar, aka tokare ta, aka cire ƙafafun biyu, ya ciro fad huɗun ya jera su a kan kwali yadda suke a jikin mota.

"Malam, matso ka gani da idonka," in ji shi.

Na hagu guda biyu sun ci daidai, kowanne da sauran nama, wato ɓangaren fad da ke guga yana cinyewa, fiye da rabi. Na dama na waje shi ma yana nan da kaurinsa. Na dama na ciki kuwa ya cinye a karkace: sama da ɗan saura kamar kaurin farce, ƙasa ƙarfe ne tsirara, yana ƙyalli, gefensa ya yi shuɗi saboda zafi.

"Da fad ne mai laifi, da dukkansu huɗu sun ƙare tare. Kwali ɗaya suka fito. Me ya sa ɗaya ne kawai ya mutu?"

Malam ya ce shi fa yana leƙawa ta ramukan ƙafa, kullum yana ganin fad da kauri. Gaskiya ya faɗa. Wanda ake hangowa daga waje shi ne fad na waje, na ciki yana ɓoye a bayan dis, sai an cire ƙafa ake ganinsa.

Ga yadda abin yake aiki. Dis wani faifan ƙarfe ne da ke juyawa tare da ƙafar mota. Kalifa tana zaune a kansa, riƙe da fad biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. A irin wannan motar fistin ɗaya ne a cikin kalifar, kuma yana ɓangaren ciki. In ka taka birki, man birki ya turo fistin, fistin ya danna fad na ciki a jikin dis. Fad na waje ba shi da mai tura shi. Kalifar ce gaba ɗaya take zamewa a kan wasu fin guda biyu, ta jawo shi ya matse dis ta ɗaya gefen. Muddin fin ɗin nan suka ƙi motsi, aikin fad biyu ya koma kan guda, kuma ko an saki birki ba lalle ya saki dis sarai ba, sai ya yi ta gugarsa ana tafiya. Zafin da dattijon ya ji a hannunsa ke nan.

Ya sa yaro ya zaro fin ɗin. Na sama ya fito da ƙyar. Na ƙasa sai da aka murɗa shi da filaya ana bubbugawa. Ya fito jajur da tsatsa, a bushe, ga wani baƙin abu ya daskare a jikinsa, tsohon giris ne da ya cakuɗe da ƙura. Robar da ke rufe bakinsa ta kumbura ta yage. Giris ɗin da ake sa wa sauran ƙarafan mota daga ɗanyen mai ake yin sa, kuma yana kumbura irin robar da ake amfani da ita a birki. Da zarar ta yage, ruwan damina da ƙurar hunturu sun sami ƙofa. Abin da ya dace da wurin shi ne giris na silikon, wanda ake sayarwa a 'yan ƙananan leda ko bututu.

Mai karatu zai iya tambaya: an buɗe wurin har sau uku, yaya ba a gani ba? Dalili shi ne ana iya canza fad ba tare da an taɓa fin ba. A kwance noti ɗaya, a ɗaga kalifa sama, a zare tsoho a zura sabo, a mayar. Minti ashirin an gama, mai mota ya biya yana murna an yi masa da sauri. Ba na cewa mugunta ce. Yawanci mai motar ne yake zuwa da fad a hannu ya ce "sa mini wannan," shi kuma bakanike ya yi abin da aka ce.

Sai dis. Na dama ya sha wuya, fuskarsa ta ciki duk tsagi ce, in ka ja farce a kai sai ya maƙale. Kowane dis akwai iyakar siririntar da aka yarda ya kai, kuma a rubuce take a jikinsa, ko a gefe ko a tsakiya. A wannan Corolla sabo milimita 25 ne, iyakarsa 23. Dattijon ya auna: na hagu ya haura 24, na dama ya zo dab da 23. Malam ya tambaya ko za a kai wa masu inji su kankare fuskar ta yi sumul, tun da ya fi sauƙin kuɗi. Dattijon ya ce kafin a share wannan tsagin an gangara ƙasa da iyaka, kuma dis siriri ba ya ɗaukar zafi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin aikin birki gaba ɗaya shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka tsayar da ita cak, zafin da birki zai sha ya isa ya tafasa ruwa kusan lita ɗaya da rabi, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mafi yawansa a ƙafafun gaba yake sauka, tun da nauyin mota gaba yake komawa in an taka birki. In gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi.

A kasuwa

Aka rubuta abin da za a saya: fad na gaba saiti ɗaya, dis biyu, robobin fin, giris na silikon, man birki. Kuɗin da ke aljihun Malam ba zai sayi duka sabo ba, don haka sai an zaɓi inda za a sassauta da inda ba za a sassauta ba. A nan ne, a ganina, darasin lamarin yake.

Dis aka sassauta. Aka nufi Kofar Ruwa aka nemo na Baljiyam guda biyu, dattijon ya haɗa mu da yaronsa da ma'auni. Dis ƙarfe ne zalla, abin da ke jikinsa a bayyane yake: a auna kauri a wurare da dama, a duba tsagewa, a duba ko ya yi tudu a baki. Wanda ya tsallake wannan gwajin zai yi aiki. Biyu aka saya ba ɗaya ba, don ƙafafun su riƙa kamawa daidai. Na hagun da aka cire Malam ya ajiye shi a gida.

Fad kuwa ba a sassauta ba. An yi masa tayin na Baljiyam, da hujjar cewa shi ne na ainihi da ya zo da mota daga Turai. Hujjar tana da ƙarfi, kuma na san direbobin da ba sa sayen wani sai shi. Amma ni ban gamsu ba. Fad nama ne da aka manna a jikin ƙarfe, ba ka ganin abin da ke tsakaninsu. Ba ka san shekara nawa ya yi a jibge ba, ko tsatsa ta fara ɗaga naman daga ƙarfen, ko ya taɓa ƙonewa, ko mai ya taɓa jiƙa shi. Ga shi ya riga ya ci daidai da fuskar wani dis daban. Sannan rabin rayuwarsa ta wuce, alhali kuɗin aikin sa shi ɗaya ne da na sabo.

Abu na farko wajen zaɓen sabo shi ne ya zama na motarka. Cewa "Corolla 2006" bai isa ba, saboda wadda aka yi wa Amurka da wadda aka yi wa Turai ba lalle kalifarsu ta zama ɗaya ba. A tafi da tsohon fad a kara, ko a tafi da lambar casis mai haruffa da lambobi 17. Farkonta ma yana faɗin inda aka ƙera motar: J Japan, 1 Amurka, 2 Kanada.

Na biyu, sanin cewa Toyota ba ita ke ƙera fad da kanta ba. Kamfanoni irin su Advics da Akebono ne ke yi mata, ta sa a kwalinta. Don haka fad na kamfanin da ya san aikinsa, a cikin kwalinsa na kansa, yana iya yin aikin na kwalin Toyota a farashi mai sauƙi. Akwai Nisshinbo daga Japan, akwai Bosch, TRW, Ferodo da Textar daga Turai, akwai kuma na China masu suna da adireshi waɗanda ba su da laifi. Abin gudu shi ne kwali mai babban suna da ƙaramin farashi. Wanda ya ce zai ba ka na Toyota a kuɗin mafi arhar kasuwa, ya riga ya gaya maka abin da ke ciki.

Akwai alamomi biyu da ke taimakawa. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira R90, wadda ta wajabta cewa fad ɗin da za a sayar a madadin na ainihi kada kamunsa ya bambanta da shi da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Wanda ya ci gwajin yana ɗauke da harafin E a cikin da'ira da rubutun 90R. Na kasuwar Amurka kuma za ka ga haruffa biyu a gefe ko bayan fad, kamar FF ko GG. Na farko ƙarfin kamunsa ne a zafi na yau da kullum, na biyu in ya yi zafi sosai. G ya fi F kamu, F ya fi E. In ka ga FE, ma'ana kamunsa yana raguwa in ya ɗau zafi. Masu jabu su ma sun iya buga waɗannan alamomin, saboda haka ganinsu ba shaida ba ce cikakkiya. Rashinsu gaba ɗaya ne ya fi ba da labari.

Sauran sai ido da hannu. Yaron dattijon ya buɗe kwali uku a kan kanta. Mafi arhar ƙarfen bayansa ya fi tsohon siriri, fenti ya malalo har kan naman, babu siririn farantin da ke rage ƙara, babu kuma ɗan harshen ƙarfen nan da ke fara kuka a jikin dis idan nama ya rage kamar milimita 2 zuwa 3. Wannan ɗan harshen shi ne mai gargaɗi. Da fad ɗin Malam yana da shi a inda ya dace, da wataƙila ya ji tsuwa makonni kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, dis ɗinsa ya tsira. Na tsakiyar yana da duka waɗannan, gefunan namansa a fiƙe, da tsagi a tsakiya, layin da nama ya haɗu da ƙarfe babu rata. Shi aka ɗauka. Kuɗinsa ya ninka na mai arhar sau biyu da ɗoriya, amma bai kai rabin na kwalin Toyota na gaske ba.

Game da nau'i ba sai an tsawaita ba. Mai garin ƙarfe da yawa yana jure zafi da lodi, amma ya fi cin dis da yin ƙara. Na seramik ba shi da ƙura da ƙara sosai, ya dace da ƙaramar mota a cikin gari, sai dai ya fi tsada, kuma rubuta "seramik" a kwali ba wuya. Mai laushi ya fi arha, ya fi saurin ƙarewa. Abin da zan ja hankali a kai shi ne masu yabon fad da cewa "shekara biyu bai ci ba." An yi fad ne don ya ci. In ya yi taurin da ba ya ci, to dis yake ci, kuma dis ya fi shi tsada.

Ɗaurawa

Aikin ya ɗauki fiye da awa biyu, mafi yawan lokacin a wanki ya tafi. Aka goge fin da ramukansu har suka yi fes, aka shafa silikon, aka sa sababbin robobi, dattijon ya gwada da yatsa biyu ya ga suna shiga suna fita ba gardama. Aka kankare tsatsar mazaunin kunnuwan fad da ta fuskar da dis ke zama a kai, domin ɗan datti a nan ya isa ya sa sitiyari rawa in an taka birki. Kalifar an rataye ta da waya, ba a bar ta tana reto a jikin tiyon mai ba.

Wani abu ya faru da nake so masu gareji su ji. Yaron ya sunkuya zai hure ƙurar birkin da baki, dattijon ya daka masa tsawa ya ce ya jiƙa tsumma ya goge. Shekaru da yawa ana yin fad da asbestos, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kowane nau'insa yana jawo sankara. Tarayyar Turai ta haramta shi kwata-kwata tun 2005, amma har yanzu ana haƙo shi a Rasha da Kazakistan da China, kuma fad marar suna ba wanda zai gaya maka da me aka yi shi. Yaran gareji su ne ke shaƙar wannan ƙurar kullum, da baki ko da injin iska, kuma cutar sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Tsumma da ruwa ba sa cin kuɗi.

Man birkin ya yi baƙi, aka zubar aka sa sabo, aka fitar da iska. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Nau'in man da ake kira DOT 3, in sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa sai ya sauko kusan 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. In ya tafasa a cikin kalifa, sai ka taka birki ya tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa ake son a canza shi kamar duk shekara biyu, shi ya sa kuma ɗabi'ar zuba ruwa da garin sabulu a madadinsa ganganci ne da rayukan fasinja. Haka nan in ka ga man yana raguwa a hankali ba tare da yoyo ba, sau da yawa fad ne ke cinyewa, fistin yana ƙara fitowa. Ciko kawai rufe alamar yake yi.

Birkin ƙafafun baya na wannan motar duram ne, ba dis ba, wato gangar ƙarfe da takalman birki ke matsewa ta ciki. Aka buɗe, takalman da sauransu, aka share aka daidaita, saboda in baya ba ya kamawa gaba ne ke ɗaukar nauyinsa. Aka ɗaure ƙafafu, notin a gicciye, ba tare da yaro ya hau kan sifana yana tsalle ba. Ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti da Toyota ta ba wa wannan motar niyuton-mita 103 ne, kuma ɗaurin da ya wuce kima yana iya karkata dis. Kafin a motsa motar dattijon ya yi ta taka birki har ya yi tauri, domin bayan an mayar da fistin ciki takun farko fanko ne. Daga nan ya fita da Malam titin da ba cunkoso, ya sa shi ya kai gudun kamar kilomita 60 a awa, ya rage zuwa 10 ba tare da ya tsaya cak ba, ya maimaita kusan sau goma, sannan su yi tafiya kaɗan birkin ya huce. Ya ce masa kilomita 200 zuwa 300 na farko ya bi a hankali, fad da dis su saba da juna.

Lissafi

Tun da farashi ba ya zama wuri ɗaya, bari a ƙirga da awo. A ɗauki kuɗin fad mafi arha a matsayin awo ɗaya. Malam ya sayi biyu, ya sayi na uku mai tsada, ya biya kuɗin aiki sau uku, ya yi asarar yammaci uku na haya, a ƙarshe ya rasa dis. Ga fetur ɗin da ƙafar dama ta riƙa ci a ɓoye tana gugar dis wata da watanni. Da tun ranar farko an zaro fin an wanke, an sa fad na awo biyu da ɗoriya, da abin da zai kashe bai kai rabin wannan ba. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan lamarin ko mai tsadar bai tsira ba, tun da a kan matacciyar fin aka ɗora shi.

Akwai kuma rabon tuƙi. Malam ya saba ɗora ƙafar hagu a kan birki a cunkoso, dattijon ya hana shi. Ya kuma ja masa kunne kan sa mota a firi a gangara don tattalin mai, ɗabi'ar da ta yaɗu tun da fetur ya yi tsada. Mota mai injekta irin wannan tana yanke mai da kanta idan ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya, don haka firi ba ya rage komai, sai dai ya bar wa birki dukkan aikin. A doguwar gangara irin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, wannan shi ne ke ƙona fad ya tafasa mai. A sauko da giya zuwa 2 ko L, inji ya riƙe motar.

Damina ta wuce, hunturu ya wuce, aka cire ƙafafun don dubawa. Fad huɗun sun ci daidai da juna, ciki da waje, kowanne da sauran kusan kashi biyu cikin uku na namansa. Sabo yakan zo da milimita 10 zuwa 12, kuma dattijon ya ce a canza in ya kai 3, kada a jira ƙarshe. Yanzu duk juyen mai na biyu Malam yana sa a cire ƙafafun gaba, a leƙa fad na ciki, a motsa kalifa da hannu a ga tana zamewa. Takalman baya ne ake sa ran za su nemi canji nan gaba, ya kuma fara ware musu kuɗi kaɗan-kaɗan daga na haya.